AMSOSHIN WASIƘUNKU: Kyamarar Da Ake Kallo Ta Waya, Wa Ke Riƙe Da Mabuɗinta?

  A wannan mako wasiƙu huɗu muka ware, dukansu daga Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu ta ƙasar Zuru a Jihar Kebbi, kuma dukansu magana ɗaya suka ɗauko, wato waɗannan na'urori na zamani da ake kafawa a gida ko a shago, mutum ya riƙa sarrafa su da wayar hannunsa. Saboda haka muka ga ya fi kyau mu haɗa su mu amsa a zama ɗaya.

Mun san abin da ya sa mutanen wannan yanki suke neman irin waɗannan kaya. Shekara da shekaru ke nan ana fama da ƴan bindiga da ɓarayin shanu, kuma ba wanda ya manta da abin da ya faru a garin Maga ran 17 ga watan Nuwamba na 2025, lokacin da aka shiga makarantar sakandaren ƴan mata aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25, waɗanda Allah Ya sa suka dawo gida kafin watan ya ƙare. Wanda ke zaune cikin irin wannan hali, duk abin da aka ce masa zai ƙara masa ido, ai zai saya. To amma ido iri-iri ne, shi ya sa muke so a saurara da kyau.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a garin Danko. Ya ce yana da sito inda yake ajiye masara da dawa da waken suya, shi kuwa ba mazauni ba ne, yau yana kasuwar Bena, gobe yana Zuru, jibi ya yi lodi zuwa Kwantagora. An tallata masa wata kyamara mai aiki da hasken rana wadda ake sa wa layin waya, aka ce masa ko ina yake zai iya buɗe wayarsa ya ga ƙofar sitonsa. Sai dai ƙaninsa ya ce masa ya yi hankali, wai wani can ma yana iya leƙawa ta cikinta. Shi ne yake tambaya, shin wannan magana gaskiya ce, ko kuwa zancen yara ne?

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya, kuma ƙanin naka gaskiya ya faɗa maka. Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Hoton da kyamarar ta ɗauka a ƙofar sitonka yakan bi ta layin da ka sa mata ya hau intanet, galibi ya biya ta wata babbar kwamfuta ta kamfanin da ya ƙera ta, wadda take wata ƙasa can, sa'an nan ya sauko cikin wayarka. Abin da ke tantance wanda za a nuna wa hoton abu biyu ne kawai, lambar da ke jikin kyamarar da kuma lambar sirri. Duk wanda ya haɗa waɗannan biyun, to a wurin na'ura shi ne mai sito, ko a Danko yake ko a bangon duniya.

Inda gizo ke saƙar shi ne, da yawa daga cikin kamfanonin da ke yin kaya masu araha sukan fito da su da lambar sirri iri ɗaya, kamar 1234 ko 123456 ko kalmar admin, da nufin wanda ya saya ya canza. Mafi yawan mutane kuwa ba su canzawa. Ka ɗauka maƙeri ne ya ƙera kwaɗo dubu, ya yi musu mabuɗi iri ɗaya, ya kai kasuwa ya sayar. Kowa ya kulle ɗakinsa ya tafi hankali kwance, alhali mabuɗin maƙwabcinsa yana buɗe nasa.

Kuma an sha ganin haka a zahiri. A cikin 2014 an gano wani shafin intanet mai suna Insecam yana nuna hotunan kyamarori sama da 73,000 daga ƙasashe daban-daban kai tsaye, har da na cikin shaguna da ɗakunan kwanan mutane. Masu shafin ba su fasa komai ba, lambar da kamfani ya sa ce kawai suka gwada, ƙofa ta buɗe. Bayan shekara biyu, a 2016, sai ga wata muguwar manhaja da ake kira Mirai, wadda ke yawo a intanet da kanta tana gwada lambobin sirri kamar sittin a kan duk kyamarar da ta samu. Da haka ta kama dubban ɗaruruwan na'urori, ta mai da su kamar rundunar bayi, masu su ba su sani ba. Ran 21 ga watan Oktoba na wannan shekara aka tura wannan runduna a kan wani kamfani a Amurka, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka tsaya cik na sa'o'i.

Kada ka ce wannan can ƙasar Turawa ne. A nan Afirka ta Yamma, wani Bature ɗan Ingila mai suna Daniel Kaye ya yi amfani da irin wannan runduna ta kyamarori ya afka wa kamfanin wayar Lonestar na ƙasar Laberiya, bayan wani ma'aikacin kamfanin da ke gasa da su ya biya shi. A watan Nuwamba na 2016 harin ya yi ƙarfi har ya dagula intanet a ƙasar. A watan Janairu na 2019 wata kotu a London ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas. Ka ga ke nan kyamarar da ba a kulle ba, ban da tona asirin mai ita, har aika ta ake yi ta yi ɓarna a wani wuri, da datar da shi ya saya da kuɗinsa.

Shin wannan yana nufin kada ka saya? A'a, saya, amma ka yi waɗannan abubuwa tun ranar farko. Layin da za a sa mata ya zama naka ne, wanda aka yi wa rajista da lambarka ta ɗan ƙasa, kada ka yarda da layin da mai sayarwa ya ce ya riga ya sa a ciki. A buɗe asusun a cikin wayarka, da lambar wayarka, kana tsaye kana gani. Sa'an nan ka canza lambar sirri da hannunka. Ban da shekarar haihuwa, ban da lambar waya, ban da sunan ɗanka na fari, don duk garin an san su. Ka haɗa kalmomi uku da ba su da dangantaka da juna, ko da ɗaya ta Hausa ce ɗaya ta Dakarci, ka ƙara lambobi a tsakani. In kana tsoron mantuwa, rubuta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gona. Idan kuma manhajar tana da tsarin da sai an turo maka wata lamba ta saƙo kafin a shiga, to ka kunna shi, wannan kwaɗo na biyu ke nan.

Akwai kuma wani abu da ya fi shafarku ku ƴan kasuwa. Wayar da ke aljihunka ita ce mabuɗin sito yanzu. In ka bar ta a buɗe wurin mai caji a kasuwa, ko wurin mai gyara, ko kuma, Allah Ya kiyaye, aka tare hanya aka karɓe ta, duk wanda ya riƙe ta zai ga buhu nawa ke shiga, ƙarfe nawa mai gadi yake tashi, da kuma wanda ke kwana a wurin. Don haka ka sa wa wayar kanta makulli, kuma ranar da ta ɓace, kafin ka fara cigiya ka nemi wata waya ka canza lambar sirrin kyamarar. Haka nan ka bar nuna wa mutane a majalisa kana cewa ku zo ku ga sitona. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma kai ma ka san yadda masu kai wa ɓarayi rahoto suka addabi wannan yanki.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Wasagu. Ta ce maigidanta yana aiki a Legas, ya aiko da kyamara mai magana, aka kira wani yaro ya kafa ta a tsakar gida don ya riƙa ganin yaransa yana gaisawa da su. To ita dai hankalinta bai kwanta ba, domin yaron da ya kafa shi ya yi komai a wayarsa kafin ya tura wa maigidan, kuma wani lokaci takan ga kan kyamarar yana juyawa da kansa. Tana tambaya me ya kamata ta yi.

Ƴar'uwa, damuwarki tana kan hanya, kuma kin kyauta da kika tambaya. Juyawar da kike gani tana iya zama maigidan ne ke juya ta daga can, tana kuma iya zama irin kyamarar nan ce mai bin motsi da kanta. Amma maganar yaron nan ita ce abin dubawa. A yawancin waɗannan na'urori, wanda ya fara haɗa kyamara da wayarsa shi ne mai ita, sauran duk baƙi ne da ya ba izini. Wato in haka aka yi, maigidanki baƙo ne a kyamarar gidansa, yaron kuwa shi ke da iko, yana iya kallo, yana iya ji, yana kuma iya ba wani. Ba mu ce yana yi ba, wataƙila yaron kirki ne, amma ba a barin mabuɗin turaka a hannun wanda ya kafa ƙofa.

Maganin abin ba wuya. A sa yaron ya cire kyamarar daga asusunsa a gaban wani babba na gidan. A jikinta akwai wani ɗan maɓalli ko ɗan rami da ake dannawa da tsinke na ƴan daƙiƙoƙi, sai ta koma kamar sabuwa. Daga nan a sake haɗa ta da wayar maigida ko taki, da sabuwar lambar sirri, a kuma duba jerin waɗanda aka ba izini a goge duk wanda ba a sani ba. Kafin a yi haka, ki cire mata wuta ko ki rufe mata ido da ƙyalle, ba laifi kika yi ba.

Muna kuma kira ga magidanta da su yi tunani a kan inda suke kafa waɗannan abubuwa. A Amurka, a watan Mayu na 2023, hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar ta zargi kamfanin Ring, wanda mallakar Amazon ne, da sakaci har wani ma'aikacinsa ya yi watanni yana kallon hotunan mata a ɗakunan kwana da makewayi. Kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 5.8. To in babban kamfani mai suna ya shiga irin wannan, ina ga wanda ko sunansa babu a jikin kwali? Saboda haka kyamara wurinta ƙofar gida ne, da zaure, da garke, da bakin rumbu. Tsakar gida inda mata ke aikinsu a sake, da ɗakin kwana, a bar su da sirrinsu. In gaisawa da yara ake so, ai kiran waya mai hoto ya wadatar.

Wasiƙa ta uku wani malamin makaranta ne ya rubuto daga Ribah. Shi tambayarsa ita ce, magani yana da lambar NAFDAC da ake dubawa, to waɗannan na'urori fa, ba wata hukuma da ke auna ingancinsu ne, ba kuma wata ƙa'ida da aka gindaya wa masu ƙera su?

Malam, akwai, sai dai a san iyakar kowace. A nan Nijeriya, duk na'urar da ke aiki da layin sadarwa doka ta ce sai Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince da irinta kafin a sayar, sa'an nan Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wato SON, tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su. Amincewar waɗannan hukumomi alama ce cewa kayan ya biyo ta hanyar da ta dace kuma zai yi aiki da layukanmu, amma kada a ɗauke ta a matsayin lamunin cewa ba mai iya kutsawa. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, inda mutum zai iya kai ƙara in kamfani ya yi wasa da bayanansa. Wanda kuma ke da kuka a kan kamfanin layin waya, NCC tana da lambar kira kyauta, 622.

Ma'aunin da ƙasashe da yawa suke kwaikwayo a wannan fanni shi ne wanda wata cibiyar ƙa'idojin sadarwa ta Turai mai suna ETSI ta fitar a 2020, mai lamba EN 303 645. Yana da sharuɗɗa 13, amma uku na farko su ne ginshiƙi. Na ɗaya, kada a fito da na'urori da lambar sirri iri ɗaya. Na biyu, kamfani ya ba da hanyar da za a sanar da shi in an gano ɓaraka a kayansa. Na uku, ya riƙa sabunta manhajar na'urar yana toshe ɓarakar. Ingila ta mai da irin waɗannan sharuɗɗa doka tun ran 29 ga watan Afrilu na 2024, har ta wajabta wa kamfani ya faɗa wa mai saye tsawon lokacin da zai ci gaba da yi wa kayan gyara, wanda ya saɓa kuwa tararsa tana iya kai fam miliyan 10, ko ma fiye ga manyan kamfanoni. Ƙasar Singafo ita kuma tun 2020 ta fito da tambarin taurari, daga ɗaya zuwa huɗu, da ake mannawa a kwali don mai saye ya san ƙarfin tsaron abin da zai saya.

Me wannan zai amfana wa mutumin Ribah? Kamar mudu ne a kasuwa, in ka san cikakken mudu ba mai auna maka da buɗaɗɗen gwangwani. Sharuɗɗan nan uku su ne tambayoyin da za ka yi a shago. Ka ce wa mai kaya ya kunna a gabanka. In na'urar ta tilasta maka ka sa sabuwar lambar sirri kafin ta fara aiki, alama ce mai kyau. Ka duba kwali, akwai sunan kamfani da adireshinsa da hanyar tuntuɓarsa? Ka duba manhajar a rumbun Play Store, yaushe rabon da a sabunta ta? In kuwa aka ce ba ta can, sai dai a tura maka daga wata waya, to ka ajiye kayan ka yi gaba. Kwalin da ba suna ba adireshi, ranar da abu ya lalace ba ka da wanda za ka kama. Kuma a sani, ƙasashen da suka tsaurara doka, kayan da suka ƙi karɓa ba zubar da su ake yi ba, kasuwar da ba a tambaya ake nema musu. Araha dai ba ta ado.

Wasiƙa ta ƙarshe daga wani manomi ce a Bena, wanda ya ce ya sa wa babur ɗinsa na'urar bin sawu da ake kira tiraka, kuma yana da sola ta biyan kuɗi kaɗan-kaɗan a gida. Yana tambaya ko su ma akwai abin tsoro a cikinsu.

To Malam, su ma ƴan gida ɗaya ne da kyamara. Tiraka tana faɗin inda babur yake a kowane lokaci, wasu ma ana iya kashe injin da su daga nesa. A watan Yuli na 2022 masu bincike a Amurka sun bayyana cewa wata tiraka mai suna MiCODUS MV720 tana fitowa da lambar sirri 123456, kuma tana da ɓarakar da za ta ba wani damar bin sawun abin hawa ko ya yanke masa mai yana cikin tafiya. Kamfanin kuwa an ƙiyasta yana da na'urori wajen miliyan ɗaya da rabi a ƙasashe 169. Ka ga wanda ya san hanyar da kake bi zuwa gona da lokacin da kake dawowa, ya san abin da bai kamata ya sani ba. Don haka ka canza lambar, ka kuma tambayi wanda ya kafa maka ko lambar wayarsa tana cikin masu iko, in tana ciki a cire.

Ita kuwa sola ta biyan kuɗi kaɗan-kaɗan, ka sani kamfani yana da ikon tsayar da ita in ba a biya ba, wannan yana cikin yarjejeniya, sai ka sa a karanta maka ita da kyau. Haɗarin da ya fi yawa a nan na ƴan damfara ne, masu bugo waya su ce daga kamfani suke, a tura kuɗi ta wani asusu ko a karanto musu lambar da ta shigo ta saƙo. Kada ka biya sai ta hanyar da ke rubuce a takardarka, lambar da aka turo maka kuwa ba a karanta wa kowa ita, ko da ya rantse.

Abu na ƙarshe da muke so duka ku huɗun ku riƙe shi ne, waɗannan kaya da sabis suke rayuwa. Ku da ke maƙwabtaka da Zamfara kun tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da ƴan bindiga, wasu wuraren suka yi kusan wata uku ba sabis. A irin wannan rana kyamara ba za ta aiko maka da komai ba, tiraka ma ta yi shiru. Saboda haka in za ka saya, nemi mai ɗaukar katin ajiya a cikinta, ka kafa ta can sama inda hannu ba ya kaiwa. Kuma kada ka sallami mai gadi, ko ka bar gyaran katanga, ko ka yanke zumunci da maƙwabci don ka sa kyamara. Ita gani kawai take yi, ba ta kama ɓarawo, in ta nuna maka wani abu sai ka sanar da jami'an tsaro da masu unguwa, kada ka tafi kai kaɗai.

To jama'a, a nan za mu dakata a wannan mako. Wanda ke da irin wannan na'ura a gida ko a shago, muna roƙonsa kada ya kwanta yau sai ya duba abu biyu, wace lambar sirri ce a kanta, kuma wayar wa da wa take buɗewa. Wanda bai iya ba ya nemi ɗansa ko ƙaninsa da ya amince da shi ya nuna masa, amma lambar shi zai danna da hannunsa.  Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Zuru da Nijeriya baki ɗaya, Ya tsare mana dukiya da iyali. Mu kwana lafiya.